Kwandon Roƙon Addu'a

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo tun asuba, "Anti Emilia ina labarinmu, Anti Emilia kin kashe mu da jira," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Kwana biyu babu wuta a layinmu, sai da na kai wayar shagon caji. Wanda bai karya ba ya je ya karya tukuna, don ni kaina sau biyu ina ajiye wayar kafin in gama rubuta shafin nan.

Kun tuna inda muka tsaya. Jacinta Rufus, mai rubuta lamba da nauyi a jikin buhunan citta a kamfanin Madam Mildred da ke Kafanchan, ta kai maƙura. Wata uku ke nan manajan kamfanin, Oga Nicholas, yana matsa mata. Akwatin ƙorafi yana rataye a ƙofar ofis, amma makullinsa yana aljihun mutumin da za a kai ƙara. Shi ya sa ta yi dabara. Kullum da safe ma'aikata suna taruwa a babban sito su yi addu'a, kwando ya zagaya, mai damuwa ya rubuta ya jefa, mai jagora ya karanta a fili a yi roƙo. Alhamis ɗin ƙarshen wata kuwa Madam da kanta ke zuwa daga Kaduna ta karanta. Jacinta ta rubuta komai, ba ta sa suna ba, ta jira Alhamis.

To, yau ce Alhamis ɗin.

Ƙarfe takwas da kwata Madam ba ta iso ba.

Mata masu tsintar citta sun jeru a kan buhuna, maza 'yan dako suna tsaye ta bakin ƙofa. An yi waƙa ɗaya, an ƙara ta biyu. Kwandon ya riga ya zagaya. Takardar Jacinta tana ciki, ta ninke ta sau huɗu ta tura can ƙasa. Idonta yana kan get, kunnenta yana jiran hon ɗin mota.

Sai ga Oga Nicholas ya fito daga ofis, waya a hannu, Littafi Mai Tsarki a hammata.

"Salama a gare ku, 'yan'uwa."

"Amin, Baba."

"Madam ta kira yanzu. Taya ta fashe musu bayan Kachia, sai da rana za ta iso. Ta ce kada mu jira ta." Ya miƙa hannu. "Ku ba ni kwandon."

Wayyo jama'a! Jacinta ta kafe shi da ido. Kwandon ya taso daga hannu zuwa hannu, ya zo ta gabanta, ya gogi gwiwarta. Da ta miƙa hannu da ta kama shi. Hannun ne ya ƙi tashi. Tana kallo ya wuce.

Oga Nicholas ya gyara tabarau ya zaro ta farko.

"Wata 'yar'uwa tana roƙo a tuna da ɗanta, zai rubuta jarrabawa."

"Ubangiji ya ji."

"Wani ɗan'uwa yana roƙo Allah ya tsare gonarsa daga cutar nan mai ruɓar da citta."

"Ubangiji ya ji!"

Ta uku ciwon gwiwa ce. Ta huɗu neman haihuwa. Jacinta tana ƙirgawa, tana roƙon Allah a zuci ya sa mutumin ya gaji, ko janareto ya kama da wuta, ko ma mene ne.

Ya zaro ta biyar. Ya warware sau ɗaya, sau biyu, sau uku, sau huɗu.

"Wata 'yar'uwa tana..."

Ya tsaya.

Idonsa ya bi layin farko, ya sauka na biyu, har ƙasa. Sito ya yi tsit, sai wata can baya da ƙurar citta ta sa ta atishawa. Abin da ya fi tsorata Jacinta shi ne murmushin fuskarsa ko motsi bai yi ba.

"Wannan roƙon na sirri ne," ya ce a hankali. "Ubangiji ya san shi."

"Amin."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya dafa wurin da tafin hannu.

"Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare gidan nan daga harshen ƙarya. Ka tone asirin masu neman ɓata sunan bayinka..."

Kowa ya rufe ido. Jacinta ta ɗan buɗe nata kaɗan. Nasa a buɗe suke, kuma a kanta suke. Bakinsa yana addu'a, idonsa yana kallonta, har aka ce amin.

"Jacinta, 'yata," ya ce mutane suna watsewa, da muryar nan tasa mai laushi da kowa ke yabo. "Ki same ni a ofis."

Ta shiga. Ya tura ƙofa, ya murɗa makulli. Ƙarar makullin nan ta san ta, sau biyu tana jin ta a baya, har a mafarki take jin ta.

"Zauna."

"Na gode, Sa. Nan ma ya isa."

Ya zaro takardar ya shimfiɗa a tebur. Ya jawo wani guntun buhu da aka yanko mai lamba a jiki, ya ajiye kusa da ita.

"Kin yi makaranta, Jacinta, amma wayo bai ishe ki ba. Kin ɓoye sunanki, kin manta buhu ɗari takwas ne a sito da rubutun hannunki a jiki. Duba nan. Ran bakwai ga Fabrairu. Ran sha bakwai ga Maris. Wa ke ɗaura wa lamba bakwai bel a ƙugu a kamfanin nan in ba ke ba?"

"Sa, don Allah..."

"Don Allah? Kin san Allah kika jefa ƙazanta a kwandon addu'a?"

Ita kanta ba ta san inda maganar ta fito ba, ƙaramar murya ce kamar ta yarinya.

"Ba ƙarya na rubuta ba, Sa."

Ya yi dariya, irin ta wanda aka ba labari mai daɗi.

"Wa ya gani? Ran da kika ce na kulle ki a nan, wa ke wurin? Ran da kika ce na taɓa ki a bayan sikeli, wa zai shaida? Buɗe wayarki ki nuna min saƙo ɗaya da na taɓa tura miki. Ɗaya tak."

Babu. Mutumin nan bai taɓa rubuta mata ko "ina kwana" ba. Kira yake yi, ko ya jira sai sun rage su biyu.

Ya zagayo tebur. Ta ja baya har bayanta ya bugi kabad. Ya ɗora hannu a kafaɗarta, babban yatsansa yana shafa gefen wuyanta. Warin turarensa ya cika mata hanci.

"Cire hannunka, Sa."

"Ki daina rawar jiki, ni ba mugu ba ne. Gidanku nake taimako. Wa ya ba ki aikin nan bayan abin kunyar da yayarki ta yi min? Wani ne da ko gaisuwar babanku ba zai ƙara amsawa ba. Ni na yafe, na je har gida na ce a ba ni ƙanwar."

A nan bari in tuna wa sababbin shigowa. Shekara uku da suka wuce, yayar Jacinta, Faustina, ita ce sakatariya a ofishin nan. Wata Lahadi aka tashi a gaban ikilisiya aka karanta takarda da sa hannunta, wai ta amsa ita ce ta nemi Dattijo Nicholas, wato Ogan nan da yake dattijon cocinsu, da lalata, da ya ƙi ta yi masa ƙage. Aka sa ta horo, aka mayar da ita bencin baya. Babansu, tsohon malamin firamare, ya yi wata biyu bai fita ƙofar gida ba. Faustina ta tattara kayanta ta koma Sabon Tasha a Kaduna tana kitso. Jacinta kuwa, ranar da yayar za ta tafi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce mata, "Kin zubar mana da mutunci, kada ki ƙara kirana ƙanwarki." Tun ranar ba su ƙara magana ba.

Oga Nicholas ya sake ta ya koma kujerarsa.

"Yaushe za a fara sanarwar aurenki da Kaleb?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ina tambayarki."

"Lahadi, Sa."

"Lahadi. Jibi Asabar kuma dattawa za su zauna su duba ko akwai abin da zai hana. Wa ke riƙe da biro a zaman?"

"Kai ne, Sa."

"Madalla."

Ya buɗe durowa ya zaro wata takarda bugun kwamfuta. Ku lura, jama'a, daga addu'a zuwa yanzu ko minti goma ba a yi ba. Yaushe ya buga ta? A ajiye take. Suna kawai ya cike da biro a gabanta.

"Karanta."

Haruffan suna rawa a idonta. Ni Jacinta Rufus, na amsa cewa ni ce na nemi Dattijo Nicholas, da ya ƙi ni na rubuta ƙarya a kansa. Ina neman gafara.

"Ki sa hannu, in kulle ta a durowar nan, babu mai gani har abada. Ni kariya kawai nake so. Lahadi a kira sunanki, ki sa farar riga ki shiga coci da mutuncinki. Litinin kuma ki shirya jaka, za mu je Kauru sayen citta, ina bukatar mai rubuta lamba. Kwana biyu ne kacal."

"In... in ban sa ba fa?"

"Sai in kai wannan gaban dattawa jibi." Ya ɗaga takardarta da yatsu biyu. "Ɓata sunan dattijon ikilisiya, a cikin kwandon addu'a. Bencin da yayarki ta bari yana nan, ba a ɗauke shi ba. Kina ganin maman Kaleb za ta karɓi ta biyu daga gida ɗaya? Babanku fa, zuciyarsa za ta ɗauka?"

Ya ninka takardar bugun ya tura mata a aljihun rigar aiki da hannunsa.

"Ƙarfe huɗu, bayan addu'ar tashi. Ki zo da biro."

Ya buɗe ƙofa, ya ɗaga murya don na waje su ji.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata!"

Kai! Ni dai Emilia, in na tuna mutumin nan sai in ji abinci ya fita raina.

Jacinta ba ta san yadda ta kai bayan filin shanya ba. Can ta durƙusa ta amayar da kunun da ta sha da safe. Ta ciro waya, ta nemo lambar Kaleb, ta ɗora yatsa. Yana aji yanzu a Kagoro, yana koyarwa. In ta kira ta ce me? Mamansa tun farko sai da ta ce, "Gidan Rufus kuwa? Ba su ne masu yarinyar nan ba?" Shekara guda Kaleb ya yi yana lallashi kafin ta yarda. Jacinta ta mayar da wayar aljihu. Tsoro take ji, kuma a ranta ta fara cewa gara ta sa hannun a wuce wurin.

"Yarinya."

Ta zabura har ta kusa faɗuwa.

Mama Miriyam ce, shugabar mata masu tsinta. Tsohuwa ce daga wani ƙauye ta wajen Zangon Kataf, shekara goma sha ɗaya tana kamfanin, ɗankwalin zumuntar matan coci ba ya barin kanta. Hausarta irin ta gida ce, ba ruwanta da raba mace da namiji.

"Shafa bakinki. Biyo ni."

"Mama, aiki..."

"Na ce biyo ni."

Ta kai ta ƙaramin sito inda ake tara ɓawo da dattin citta, ta jawo ƙofa. Ta ɗaga riga, ta kwance lalitar da ke ƙugunta, ta zaro wani ƙullin baƙar leda.

"Ni ban yi boko ba," ta ce tana kwancewa. "Amma ina ƙirga abu. Duk ranan da mutumin nan ya ce 'wannan na sirri ne', kafin wata ya ƙare yarinya ɗaya zai bar aiki. Sau biyar ina gani. Yau na shida."

Ta buɗe ledar. Takardu ne guda biyar, duk sun yamutse, sun yi ja, suna warin citta.

"A ina kika samu, Mama?"

"A shara. In ya gama da su sai ya murje ya jefa a dattin nan. Ni kuma a gidanmu ba a zubar da addu'an mutum. Abin da aka rubuta wa Allah, ya za a kai shi bola? Sai in tsince in ajiye."

"Ba ki taɓa ba wani ya karanta miki ba?"

"Wa zan ba? Ban san wanda yake nashi ba a gidan nan. Kuma na ji tsoro, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina da marayu uku a ɗaki." Ta share ido da bakin ɗankwali. "Amma yau na ga fuskanki lokacin da ya buɗe takardan. Na taɓa ganin wannan fuskan. Karanta min."

Jacinta ta ɗauki ta farko.

"A yi min addu'a. Wani babba a wurin aiki yana damuna, ina jin tsoro."

"Mm. Ci gaba."

"Ubangiji ka raba ni da ofishin nan. In an kira ni ciki sai in ji kamar in mutu."

"Wannan Rachael ne, na tabbata. Wanda ya ce zai koma Jos karatu. Wane karatu?"

Ta uku layi ɗaya ce. Ta huɗu ruwa ya taɓa ta, rabi ya goge, amma kalmar manaja tana nan ɓaro-ɓaro.

Mama Miriyam ta riƙe ta biyar ba ta miƙa ba.

"Wannan na tsince shi ranan da aka share ofis, bayan wani ya tafi. Ki zauna tukuna."

Jacinta ta zauna a kan buhun datti. Ta karɓa ta warware.

Ba ta ma karanta kalma ɗaya ba. Kwanan watan da ke sama ta gani. Bakwai ne, da bel a ƙugu.

Hannun da ya riƙe nata tana aji ɗaya, a kan allon siminti a tsakar gidansu, yana cewa "ki ɗaura masa bel kada wandonsa ya faɗi," shi ne ya yi rubutun nan.

Ta toshe baki da hannu.

"Na yayarki ne ko?" in ji Mama.

Ta gyaɗa kai. Ta karanta a zuci har ƙasa. Ranaku ne a jere, kamar nata. Ofis, makulli, bayan sikeli. Har tafiyar Kauru tana ciki.

"Mama, na zage ta. Na ce kada ta ƙara kirana ƙanwarta. Mama, ni na tura mata jakarta waje!"

"Kira shi."

"Ba za ta ɗauka ba."

"Ke dai kira."

Lambar tana nan, shekara uku ba ta goge ba, ba ta kuma taɓa ba. Ta yi ƙara sau huɗu. Aka ɗauka. Hayaniyar Sabon Tasha ta cika wayar, hon ɗin keke, wata tana kiran mai ruwa.

"Halo?"

"Yaya..."



"Wa ya mutu?" in ji Faustina.

"Ba kowa. Yaya, takardarki tana hannuna. Wadda kika jefa a kwando."

Jacinta ta ji hayaniyar ta ragu, kamar an shiga ɗaki an rufe ƙofa. Sai muryar Faustina ta dawo.

"Ya taɓa ki?"

"E."

"Yesu! Na gaya wa Baba kada ya bar ki ki je wurin, ya kashe min waya. Jacinta, ya ba ki takarda ki sa hannu?"

"Tana aljihuna. Ya ce zai kulle ta a durowa, babu mai gani."

Faustina ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Haka ya ce min. Ran Alhamis na sa hannu. Na ƙi bin sa Kauru. Ran Lahadi aka karanta ta a gaban Baba."

Ashe sa hannun ma ba mafita ba ne, igiya ce zai ɗaura mata a wuya ya riƙa ja.

"Ki saurare ni," in ji Faustina. "Kada ki sa hannu. Kada ki ƙara shiga ofishin nan ke kaɗai, ko gobara ake yi a waje. Ki ɗauki hoton takardun duka, har da wadda ya ba ki, ki turo min yanzu. In ya ƙwace na hannunki, nawa suna nan."

"Yaya, ki yafe min, na..."

"Ba lokacinsa ba ne. Ɗauki hoto."

Ta ɗauka. Shida suka tafi, ta ga alamar sun shiga. Mama Miriyam ta tattara takardunta ta mayar a leda.

"Wanda ya ba ki fa, kawo shi nan."

"Me za ki yi da ita, Mama?"

"Je ki yi aikinki. Ki tsaya cikin mutane."

Ƙarfe biyu da rabi motar Madam Mildred ta shigo. Jacinta tana tsakiyar sito da maka, alƙalamin rubutu a buhu, a hannu, ta rubuta lamba ɗaya sau uku tana ɓatawa. Ta yi niyyar ta tare ta a bakin mota, amma kafin ta taka uku Oga Nicholas ya riga ya buɗe wa Madam ƙofa ya karɓi jakarta. Suka shiga ofis. Har sito ana jiyo dariyarsu.

Da suka fito zagaye, shi ne ya tsaya a gabanta.

"Madam, ga amaryarmu."

"A'a, Jacinta! Nicholas ya ce min Lahadi za a fara sanarwa." Madam ta dafa kumatunta. "Ki gode wa Allah da ya ba ku uba irinsa. Shekara goma sha biyar yana riƙe min kamfanin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba. Me ya sami idonki?"

"Ƙurar citta ce, Madam," Oga Nicholas ya amsa mata.

Suka wuce. Jacinta ta ji ɗan ƙarfin da ta samu ya zube. Wannan matar ce za ta yarda da ita?

Ƙarfe huɗu mai gadi ya buga ƙarfe. Aka taru a babban sito don addu'ar tashi. Wannan gajeriya ce, kuma a al'adar gidan babbar mace ce ke yin ta, wato Mama Miriyam. An kawo wa Madam kujerar roba. Oga Nicholas ya biyo ta bayan Jacinta, ya sunkuya kamar zai gyara takalmi.

"Ofis, ana gamawa," ya ce a ƙasa-ƙasa. "Kada ki sa in neme ki."

Mama Miriyam ta miƙe ta gyara zani.

"Madam, sannu da hanya. Tun da Madam bai samu albarkan safe ba, ina roƙo a sake kawo kwando. Akwai roƙon da ba a karanta ba."

"An karanta duka, Mama," Oga Nicholas ya ce da sauri. "Mutane sun gaji, a yi addu'a a tashi."

"Ba a karanta duka ba, Baba."

"Bar ta, Nicholas," in ji Madam tana duba agogo. "Minti biyar ne."

Mama ta jawo kwandon daga bayan buhu. Ba ta miƙa wa kowa ba. Ta ɗaga riga a gaban kowa, ta kwance lalita, ta zazzage ledar a ciki. Takardu biyar jajaye suka faɗa, da fara ɗaya sabuwa, bugun kwamfuta.

Jacinta tana kallon fuskar Oga Nicholas. A karon farko tun da ta san shi, murmushin ya tafi.

"Kowa ya san ban iya karatu ba," in ji Mama. "In layina ya zo, ni ke zaɓan wanda zai karanta min. Jacinta, taso."

Ta dai ga ta miƙe, ta ga ta taka, ta ga kwandon a hannunta. Mutum kusan arba'in suna kallonta. Tsoro bai tafi ba, ko kaɗan bai tafi ba.

"Wannan shara ce aka kwaso daga bola!" Oga Nicholas ya tako gaba. "Madam, tsohuwar nan ta fara ruɗewa. Jacinta, ajiye kwandon nan." Ya sassauta murya, ya kalle ta cikin ido. "'Yata, ki tuna da Lahadi. Ki tuna da babanki."

Ta tuna. Ta ga Kaleb, ta ga farar rigar da ke wurin tela, ta ga Baba zaune a benci na uku inda ya saba. Sai kuma ta ga bencin baya, da wadda ta zauna a kai ita kaɗai wata shida, babu wanda ya je ya zauna kusa da ita, har ƙanwarta.

Ta sa hannu ta zaro mai bakwai ɗin.

Madam Mildred ta daina duba agogo. Ta kalli manajanta, ta kalli tsohuwar, ta kalli yarinyar. Ta miƙe daga kujera, ta miƙo hannu. Fuskarta babu wanda zai iya cewa ga abin da ke ciki.

"Jacinta, ba ni takardar nan. Za mu duba a ofis."

A ofis.

Jacinta ta ja takardar ta manna a ƙirji.

"Ki yi haƙuri, Madam. Roƙon addu'a ne, a fili ake karantawa. Shekara uku ke nan yana jiran layinsa."

"Jacinta!" Oga Nicholas ya daka tsawa, ya yo kanta.

Mata uku suka tashi daga kan buhu suka tsaya a tsakaninsu.

Ta warware takardar. Hawaye ya rufe mata ido, ta share da bayan hannu. Ta fara karantawa, ba a ji ba.

"Ɗaga murya, yarinya," in ji Mama Miriyam. "Na baya ba su ji."

Jacinta ta ja numfashi, ta ɗaga.

"Ni Faustina Rufus. Ba zan ɓoye sunana ba..."